Soson Ƙarfe a Salansa

Da bakin filaya Naja'atu ta kamo abin, ta jawo shi a hankali daga cikin salansar, yana fitowa yana zubar da baƙin gari a kan zanenta. Dunƙule ne kamar gashin da wuta ta lasa, ya cure wuri guda, wani gefensa ya narke. Ta ɗaga shi saitin hasken da ke shigowa ta hujin kwanon rumfar, ta juya shi sau biyu, sannan ta gane ko mene ne.

"Inna," ta ce, "zo ki ga inda sosonki ke zuwa."

Inna Dija ta taso daga bakin murhu da muciya a hannu. Wata biyu ke nan soson ƙarfen da take wanke tukwane da shi yana ɓacewa. Ta zargi ɓeraye, ta zargi awaki, har ta yi kwana uku ba ta sakar wa matar maƙwabcinsu fuska ba. Ta sunkuya ta ƙura wa ƙonannen abin ido.

"Wanga ne na huɗu," ta ce. "Ashe cikin inji anka dinga dahwa min su. To, Allah shi shiryi yayanki."

Ba ta ambaci sunansa ba. Shitu ɗan farinta ne, kuma shekara talatin da uku sunan bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Injin zarton yana kwance a kan benci, cikinsa a buɗe. Na Alhaji Surajo ne, dillalin gawayi a nan Bukkuyum, Shitu kuwa shi ke shiga daji da shi yana kayar da itatuwa. Salansar, ɗan akwatin ƙarfen nan da hayaƙi ke fita ta cikinsa, ta canja launi ta yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara, robar da ke kusa da ita ta lanƙwashe. Karo na uku ke nan a wata ɗaya da Shitu ya kawo shi yana cewa ya yi zafi ya mutu a hannunsa. Sau biyun farko ya riga ya zare soson kafin ya kawo. Wannan karon abin ya narke ya ƙi fita.

Shitu ya shigo daga zaure yana jan silifas, dogo, siriri, garin katako ya yi masa furfurar da shekarunsa ba su kai ba.

"Injiniya, an gano cutar?"

"An gano. Kai ne cutar, Yaya."

Ya dubi filayar, ya dubi bayan Inna, ya sosa ƙeya.

"Inji numfashi yake yi kamar kai," in ji Naja'atu. "Ya shaƙa ta nan, ya fitar ta nan. Ka cusa masa soso a mafita, hayaƙin ya bi ta ina? Ciki yake zama yana dafa fistin. Ga baƙin man mota da kake haɗa masa da fetur, duk ya toshe ragar da ke bakin salansar. Ga sarƙa ta dakushe kana danna ta da ƙarfi. Kuma na ga alamar ruwa. Ka watsa masa ruwa yana da zafi, ko ba haka ba?"

"Ƙishirwa na ga shina ji."

"Ba wasa nake ba. Dubi tankin fetur. Tafin hannu ɗaya ne tsakaninsa da salansar. Ranar da robar nan ta huje, a hannunka zai kama."

Shitu ya zauna a kan tsohuwar taya, ya miƙe ƙafafunsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Naja, kin taɓa jin kukan wanga abu cikin daji? Da sahe, iska na kwance, wanda ke tsallaken rafi shina jin shi awa a kunnenai. Mutanen ga ba su da aiki sai saurare. In na sa soso, kukan na ragewa da rabi. Da rabin ga nike komowa gida."

Ba ta tambaye shi waɗanne mutane ba. A yankin nan ba mai tambaya. Su ne suka sa damina uku ke nan ba a taka gonar gidan ba, su ne suka kwaso iyalin daga ƙauye suka zube su a gidan haya mai ɗaki biyu a bayan kasuwa. Shitu ya gwada ramin zinariya a Bagega ya dawo da tari. Ya gwada dako. Daga ƙarshe ya ɗauki zarto. Da farko kiryar bakin gari suke yanka, da ta ƙare suka koma marke, da ya ƙare suka faɗa wa ɗorawa da kaɗanyar da mata ke tsintar abin miya a ƙarƙashinsu. Kowane wata itace yana ƙara nisa da gari, yana ƙara kusa da masu bindiga.

"Mayar min da shi," ya ce yana tashi. "Ko sabo ki sa."

"Ba dai nawa ba," in ji Inna daga bakin murhu, ba ta waiwayo ba.

Da ya fita, Naja'atu ta gyara zama. Aikin nan ta iya shi, kuma ta san ta iya. Shekara biyu ta yi a kwalejin fasaha, ita kaɗai mace a ajin kanikanci, ta fito da takardar da yanzu ke ƙasan akwatin Inna a cikin leda. Tun da ɓarin jikin mahaifinta, Malam Makau, ya shanye, shi ke zama a zaure yana karɓar injinan ban ruwa da janareto da zarto, ita kuma tana gyarawa a rumfar cikin gida. Masu kawowa suna ɗauka su ce, "Hannun Malam Makau sai Allah." Kowa a unguwar ya san hannun waye, ba dai mai faɗa.

Ta wanke haƙarƙarin injin da tsohon buroshin haƙori da fetur har garin katakon da ya daskare a tsakaninsu ya fita, domin ta nan iska ke bi ta sanyaya shi. Ta kankare baƙin da ya taru a mafitar hayaƙi da tsinken itace. Ragar ta ɗora a kan garwashin Inna har dattin ya ƙone, ta kaɗe. Ta wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Ta haɗa fetur da man da ya dace a galan, ta girgiza. Sai ta tsaya da salansar a hannu, wankakka, babu komai a cikinta.

Ta taɓa ganin wani mutumin Gummi da tankin zarto ya fashe masa, an kawo injin gyara shi kuma yana asibiti ba fatar hannu. Wuta ta sani, ta karanta ta, ta ga aikinta. Masu bindiga kuwa labarinsu kawai take ji. Ta jawo ƙaramin gwangwanin da ta zo da shi daga makaranta, ta zaro sukurori biyu masu kan tauraro, irin waɗanda babu mai makullinsu a kasuwar Bukkuyum sai ita. Ta ɗaure salansar da su tam.

Washegari bayan asuba, gari ya fara haske, Shitu ya naɗe injin a buhu. Ba a tayar da zarto a cikin gari, don malaman daji su ma kunnensu a buɗe yake.

"Kin gyara?"

"Na gyara," ta ce.

Ba ta yi ƙarya ba. Haka ta gaya wa kanta tana kallonsa yana fita.

* * *

Bazara ce, kwanon rumfar ya fara ƙara tun hantsi. Ta kai wa mahaifinta kunu a zaure. Ya karɓa da hannun hagu, ya ɗan kurɓa, ya dube ta da idon da ya fi buɗewa.

"Jiya na ji ƙarar gwangwanin makarantarki," ya ce. Maganarsa ta gefe guda take fita, a hankali. "Da wane sukuru kinka ɗaure?"

Ta gyara masa zaman kwanon a hannu.

"Ni da ina da hannu, da na mayar mai da soson."

"Baba, kai ka koya min ba a toshe salansa. Ina 'yar shekara tara ka buge min hannu don na cusa tsumma a ta babur."

"Na koya miki. Lokacin mutum na shiga daji shina waƙa."

"Inji bai san lokaci ya canja ba, Baba."

"Shi bai sani ba. Ke kin sani."

Ta ɗauki kwanon ta koma ciki da wuyanta a miƙe. Akwai injin ban ruwan wani mai lambu yana jiran ta. Ta kwance kafiretarsa, ta wanke, ta mayar, ta ga ta bar wani ɗan ƙarfe a kan benci, ta sake kwancewa. Aka kira azahar. Aka kira la'asar. Inna ta zuba wa Shitu tuwonsa a kwano ta rufe, ta matsar da shi inuwa, da inuwar ta gusa ta sake matsarwa.

Bayan la'asar motar itacen Alhaji Surajo ta shigo gari rabinta wayam. Direban ya tsaya a ƙofar zaure, bai ko kashe mota ba. Naja'atu tana bayan labule ta ji shi yana gaya wa mahaifinta: sun jira a inda aka saba, sun ji zarto yana kuka kamar ba a taɓa ji ba, daga baya suka ji harbi uku, sai suka juya. Shitu da abokin aikinsa Isa suna can ciki.

Inna ta ji. Ta ɗauko babbar tukunya ta cika da ruwa ta ɗora a wuta, ta zauna tana tura itace, alhali ba wanda ya ce mata za a bukaci ruwan zafi.

Rana ta kusa faɗuwa wani mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. A hanyar Anka ya tsinci Shitu, in ji shi, yana tafe da ƙafa ba takalmi, inji a kafaɗa, ya ƙi saukewa har sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga marikin. Shitu ya sauko da kansa. Ya yi sallama kamar kullum. Sai da ya juya Naja'atu ta ga kafaɗarsa ta dama.

* * *

A ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar jinya Dinah, wadda ta shekara goma a garin har Hausarta ta fara karyewa irin ta nan, ta sa almakashi tana yanka rigar. Rigar ƙwallo ce ta leda, ta narke ta shiga nama.

"Yaya Shitu, ka ci wani abu yau? To riƙe hannun ƙanwarka, wannan zai yi zafi."

Bai riƙe ba. Ya kama ƙarfen gadon.

Da aka ɗaga ƙyallen ƙarshe, Naja'atu ta ga siffar salansar kwance a kafaɗar yayanta, murabba'i, daga gindin wuya zuwa kan ƙashi. A cikin murabba'in akwai ɗigo biyu da suka fi zurfi. Ta san tazarar da ke tsakaninsu, don ita ta ɗaure su.

Yana kallon bango ya ba da labarin, da murya ɗaya, kamar mai faɗin farashin hatsi.

"Ja ɗaya ya tashi. Bai taɓa tashi haka ba. Da ya buɗe baki tsuntsaye sunka watse, ni da Isa munka dubi juna. Na kashe, na ɗauko sifana in kwance in sa soson da ke aljihuna, sifana ta ƙi kamawa. Isa ya ce ai an riga an ji mu, mu kada kiryar ga guda mu yayyanka mu tahi. Tanki biyu na ƙone ban tsaya ba. Salansa ta yi ja. Kukan nai ya hana mu jin baburansu, sai ganinsu munka yi. Isa na can gehen reshe, ni ina bakin kwazazzabo. Na saɓa injin na faɗa ciki."

"Me ya sa ba ka yar da shi ba?" in ji Dinah.

"Na Alhaji ne."

"Ba ka ji zafi ba?"

"Ban ji ba sai da na ƙetare rafi. Ƙauri na fara ji, na ce wa ke gasa nama cikin dajin ga."

Dinah ta ci gaba da wankewa. Naja'atu tana tsaye riƙe da kwanon auduga. Tana jira ya juyo ya dube ta, ya tambaye ta, ya zage ta a gaban baƙuwa. Bai juyo ba.

A hanyar gida, suna tafe a hankali saboda shi, ta ce, "Yaya, ni na cire. Ni na canja sukurun."

"Na sani. Wa ke da irinsu in ba ke ba?"

"Ka faɗi wani abu mana."

"In ce mi? Kin ce kin gyara, kuma kin gyara. Ban taɓa riƙa inji mai daɗin yanka awa na yau ba." Ya ɗan tsaya ya numfasa. "Na gaji, Naja. Mu isa gida."

* * *

Isa bai dawo ba. Aka ce ana magana da waɗanda suka tafi da shi, daga baya aka ce wayar da ake maganar da ita ta daina shiga. Matarsa Asabe ta riƙa zuwa kullum da hantsi, ta zauna kusa da Inna tana taya ta tsinke zogale, domin a gidan nan ne mutumin da ya yi wa mijinta ganin ƙarshe yake. Tambayarta ɗaya ce, tana yin ta ta bayan labulen ɗakin da Shitu ke kwance rub da ciki, tana kiransa da sunan 'yarsa.

"Baban Zainab, ya dai ci abincin da na ɗaura mai kahin su zo?"

"Ya ci, Asabe. Har ya ba ni."

Sai ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinkar ganye. Gobe ta sake tambaya.

A rana ta biyar Naja'atu ta ajiye sifana ta nufi inda Asabe take. Shitu ya hango ta ta ƙofa, ya kira ta ciki.

"Ina za ki?"

"Zan gaya mata. Ta san ta inda abin ya zo."

"Don ki ji sanyi?" Ya ɗago kai da ƙyar. "In kin hwaɗa mata, ke kin sauke, ita ta ɗauka. Nan ne kaɗai gidan da take iya zama. Ki bar mata shi."

Ta tsaya a bakin ƙofar, haƙoranta a cije. Ba ta saba a hana ta magana ba. A makaranta ta yi musu da malamai, a unguwa ta yi da masu cewa mace da sifana ba ta auruwa. Ta juya ta koma rumfa, ta ɗauki sifanar.

Alhaji Surajo ya zo dubiya ranar kasuwa da ledar lemu. Ya zauna a zaure wajen Malam Makau, ya yi jaje, ya yi addu'a ga Isa, sannan ya gyara hula.

"Injin hwa, ya tsira?"

"Ya tsira, Alhaji," in ji Naja'atu daga bayan labule. "Kafaɗa ce ta ƙone."

Alhaji ya yi murmushi, ya dubi tsohon. "Malam Makau, ɗiyar taka har yanzu tana nan da bakin makaranta."

"Tunda ni ke gyara shi, bari in faɗa maka abin da yake so," ta ce, ta ɗaga labulen ta tsaya a fili. "Duk tanki ɗaya sai ya huta a inuwa har mutum ya iya kai hannu kusa da salansar. Ba a watsa masa ruwa. Ba a ba shi baƙin man mota. In za a yi haka, ba za a cika mota kafin azahar ba. Sai motarka ta jira su."

Wannan karon ya dube ta. Fuskarsa ba ta yi fushi ba, gajiya ce a cikinta irin ta kowa.

"Malama, motar da ta jira a dajin ga ba ta komowa. Direbana shi ma ɗan wasu ne. Birni na son gawayi, kowace tukunya can da shi take dahuwa, ba su tambayar inda ya hito. In na bari, wani ya ɗauka." Ya tashi yana kaɗe riga. "In Shitu ya ji sauƙi, injin na jiran shi. In bai iyawa, akwai mutum goma da sunka yi min magana."

* * *

Mako uku ta yi tana neman hanya ta uku. Ta samo tsohuwar salansar babur a wurin masu gwangwan, ta yanke cikinta, ta huhhuda faranti biyu ta jera, yadda hayaƙi zai yi ta kewaye kafin ya fita, ƙarar ta mutu a hanya ba tare da an shaƙe injin ba. Mai walda ya haɗa mata, ta ce masa aikin Baba ne. Ta zana, ta goge, ta sake zanawa a bayan kwalin sabulu. Ta san lissafin daidai yake.

Suka gwada shi a bayan shagon mai niƙa, lokacin da injin niƙan ke ruri, don kada a ji. Shitu ya taka zuwa ƙarshen lungu, ya juya baya, ya rufe ido. Ta ja igiya. Zarton ya tashi da murya mai kauri, ƙasa-ƙasa, ba irin tsawarsa ta da ba. Ta bar shi ya yi minti biyar, ta kai bayan hannu kusa da ƙarfen. Zafin daidai. Ranta ya yi sanyi a karon farko tun ranar nan.

Shitu ya dawo a hankali.

"Ya ragu," ya ce. "Wallahi ya ragu, Injiniya. Hannunki na da kyau."

"Amma?"

"Daga tsallaken rafi za su ji."

"Ka tabbata? Ai ba a auna ba."

"Ni na auna," ya ce.

Ta kwance sabuwar salansar, ta mayar wa injin tasa ta asali. A gida buhun geron ya kwanta, Inna ta fara auna tuwo da ƙaramin kwano tana cewa zafi ya hana ta ci. Zainab, 'yar Shitu, ta daina tambayar shayi. Ciwon ya rufe, ya bar fata mai sheƙi wadda ba ta son ko riga ta taɓa ta. Shitu ya aika wa Alhaji cewa ranar Asabar zai fita.

Ranar Juma'a da yamma Naja'atu ta je shagon bakin layi da kanta ta sayo soson ƙarfe sabo. Mai shagon ya ce a gai da Inna da wanke-wanke.

Da gari ya waye ta shimfiɗa buhu a kan benci. Ta kwance sukurorin nan masu kan tauraro ta jefa su cikin gwangwani. Ta yaga soson gida uku, ta ɗauki kashi ɗaya ta wawware shi da yatsu har ya yi sako-sako, yadda hayaƙi zai samu 'yar hanya. Ta san abin da zai yi wa injin. Ta san a minti na nawa ƙarfen zai fara canja launi, ta san tazarar da ke tsakaninsa da tanki. Da bakin filayarta ta tura shi ciki, ta daidaita, ta rufe da sukurori na kowa da kowa. Aikin ya yi kyau, don ba ta iya yin mummuna ba.

Shitu yana tsaye yana kallo.

"Na sa," ta ce. "Kashi ɗaya cikin uku. Kar ka ƙara a kai. Rabin tanki za ka riƙa zubawa, ba cikakke ba, in ya ƙare dole ka tsaya. Ka ajiye shi a ƙasa mai yashi, ba kan ciyawa ba. In ka ji ƙaurin roba, kashe shi ko itacen ya kusa faɗuwa. Ga sifana, ga sauran soson, in wannan ya cure ka canja." Ta miƙa masa su. "In kuma sun zo, Yaya, ka yar da shi. Ni zan tsaya gaban Alhaji."

"To," ya ce. Ta san irin wannan to ɗin.

Ya leƙa zaure ya yi wa Baba sallama. Inna tana bakin murhu, ta ce a dawo lafiya, idonta a kan tukunya. Ya dawo ya naɗe injin a buhu, ya sunkuya, ya ɗaga shi kamar yadda ya saba shekara biyu, ya nufi kafaɗar dama da shi. Kafin injin ya sauka a kan tabon ya tsaya cak, numfashinsa ya ɗauke. Ya riƙe shi a sama na ɗan lokaci.

Naja'atu ta matso ta tallafi gindin injin. Su biyu suka juya shi, suka ɗora a kafaɗar hagu. Bai zauna daidai ba, ya ɗan karkace, ya gyara shi da haɓa. Ya bi lungu a haka, jikinsa ya rinjaya gefe guda kamar mai koyon ɗaukar kaya, har ya sha kwana wajen shagon mai niƙa.